Albarkar da Na Riƙe wa Ɗan Farina

Zuwa ga ɗan farina, yayan Rabi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, da roƙon Allah Ya sa makwancinka ya fi gidan da ka bari yalwa da sanyi, ina sanar da kai cewa daga gidan mahaifinka na Kurmin Sarki, a nan Suleja, nake rubuta wannan takarda, a ɗakin da ka sani, bisa tabarmar da ka sani.

Ba zan fara da labarin gida ba. Da laifina zan fara, domin shi ne dalilin rubutun. Ranar da ka durƙusa a gabana ka roƙi in sa maka albarka, na ji ka sarai, kuma da gangan na hana ka. Mutane suka ɗauka kunyar ɗan fari ce ta ɗaure mini baki, suka yaba, ni kuwa na karɓi yabon na yi shiru. Fushi ne ya ɗaure mini baki a ranar, na ara masa mayafin kunya ya yafa. Damina uku ke nan da aka kawo mana labarin rasuwarka, ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba.

Na san takardar ba za ta iske ka ba. Za ta iske matan da nake koya wa karatu bayan la'asar, da maƙwabtan da suka yabe ni, da duk wanda ya buɗe jaridar da za a buga ta a ciki. Haka nake so. A bainar jama'a aka ba ni yabon da ban cancanta ba, a bainar jama'a ya kamata in mayar da shi.

Ka yi haƙuri in maimaita abin da ka fi kowa sani, saboda Suleja ta cika da baƙi tun da gwamnati ta tare a Abuja, ba kowa ne ya san al'adarmu ba. A wurinmu uwa ba ta ambaton sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, idan an yabe shi kuma sai ta kau da kai. Tun ranar da aka raɗa maka suna ban taɓa furta shi ba. "Wannan yaron" nake cewa, da aka haifi ƙanwarka Rabi kuma na samu sauƙi, ka zama yayan Rabi. Ko baƙo mai irin sunanka ne ya yi sallama, sai in ce a shimfiɗa wa mai sunan yaron nan tabarma.

Da aka yaye ka, kakarka ta wajen uba ta ɗauke ka zuwa Maje, can ka yi wayo a tsakanin kunyoyin doya da dawa. Ina tuna wata damina da zazzaɓi ya kwantar da kai. Na tafi a ƙasa tun daga cikin gari har Maje, na isa, na kasa shiga ɗakin saboda surukata tana ciki. Na zauna a bayan danga na yi tofi a ƙoƙon ruwa, na ba da a kai maka, na ce kada a ce daga gare ni yake. Wannan ita ce kunyar gaskiya, so yana nan a cike, baki ne kawai a rufe. Na kawo misalin ne don ka san na san bambancinta da abin da na aikata daga baya.

Mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, ya rasu kana da shekara goma sha tara, ka riga ka dawo gabanmu, ka sauke Alƙur'ani ka fara littattafai. Ya bar maka keken ɗinki, amma hannunka bai karɓi allura ba. Sai ka bi samarin unguwa zuwa aikin gini a Abuja, kuna hawa bayan tifa da sassafe, kuna dawowa da magariba fari fat da siminti. Ban yi ƙorafi ba. Lebura guminsa yake ci, ba ya ɗaga wa kowa hannu.

Sai wata rana ka aiko Rabi ta gaya mini ka ba da sunanka a aikin soja.

Ya kamata ka san abin da idona yake gani idan aka ce soja. Na taɓa tsayawa a bakin titin Gauraka ina jiran mota, lokacin wahalar mai, layi ya miƙe har ba a hangen ƙarshensa. Na ga wani soja wanda bai kai ka shekaru ba ya sa wani dattijo mai furfura tsallen kwaɗo a kan kwalta. Dattijon ya riƙe kunnuwansa, hularsa ta faɗi a cikin taɓo, dorina tana bin bayansa. Babu wanda ya hana shi, har ni. Na dawo gida na kasa cin abinci, na ce a raina duk uwar da ta haifi wannan ta yi asarar haihuwa. Ga shi kuma an ce nawa ne zai sa irin rigar.

Ban kira ka na yi maka faɗa ba, ba a yi wa ɗan fari haka ido da ido. Ta bakin Rabi na aika, ta bakinta ka amsa. Amsar tana kunnena har yau: "Ki ce wa Inna, idan duk masu tsoron Allah suka ƙi riƙe bindiga, a hannun wa za ta zauna?" Maganar ta ƙara mini fushi. Mai koya wa mata karatu, ɗan cikinta ya ƙure ta da magana ɗaya.

Ka tafi horo Zariya, ka dawo an aske maka kai ƙwal, ka rame, ka yi baƙi, kafaɗunka sun buɗe. Na aika maka da doka guda, cewa kaki ba zai wuce zaure ba. Ba ka yi musu ba. Ka buga ƙusa a bangon zauren, ka rataye farin kaftanin mahaifinka, wanda ya ɗinka wa kansa a Sallarsa ta ƙarshe. Duk sanda ka zo hutu daga bariki, a nan kake tuɓe kakin ka sa kaftanin, sannan ka yi sallama ka shigo. Shekara biyu muna haka. Rabi takan yi maka tsiya ta ce, "Soja a waje, malam a gida, Yaya kai kaɗai mutum biyu ne." Kai kuma ka ce mata, "Ke dai kawo tuwo, dukansu biyun yunwa suke ji." Ina jin ku daga ɗaki ina danne dariya. Ko wannan ban bari ka gani ba.

Ranar da nake magana a kanta Laraba ce, da hantsi. Ina zaune a tsakar gida ina tsintar shinkafa a faifai, maƙwabtana biyu suna tare da ni. Na ji sallamarka, na ɗaga ido, na ga kaki a tsakar gidana. Ba ka sami damar canzawa ba, motarku tana tsaye a Gauraka, ɗan lokaci kaɗan aka ba ka. Ka cire manyan takalman a bakin ƙofa, ka zo ka durƙusa ɗan nesa da ni, ka ce, "Inna, an tura mu Laberiya aikin raba faɗa. Ban san ranar dawowa ba. Ki yafe min, ki sa min albarka."

Na mayar da kaina kan faifan. Abin da na ce shi ne, "Allah Ya kiyaye hanya." Abin da ake faɗa wa direban da ba a sani ba ke nan, da mai tallan gawayi idan zai wuce gaba. Ka ci gaba da durƙuso. Ta gefen ido ina ganin gwiwoyinka a ƙasa, ina ganin safarka ta huje a babban yatsa. Tsakuwa uku na fitar daga shinkafar kana jira. Sannan ka ce "Amin," ka tashi, ka ɗauki takalmanka a hannu, ka fita.

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ta share hawaye da bakin zane ta ce, "Kai, Malama, kunya irin taki sai matan dauri. Ni da tuni na riƙe shi ina ihu." Na yi murmushi. Allah Yana gani, murmushi na yi.

Bayan azahar na fito zan leƙa maƙwabta, na bi ta zaure, sai na ga kaftanin a jikin ƙusarsa, ba a taɓa shi ba. Nan na fasa fitar. Na koma ɗaki na yi nafila raka'a biyu, na ɗaga hannu na yi bakance. Na ce: Ya Ubangiji, idan Ka dawo mini da yaron nan, na yi Maka alkawari zan tsaya a tsakar gidan nan a gaban jama'a in kira shi da sunansa na yanka, in ce masa Allah Ya yi maka albarka, kowa ya ji, duk abin da za a ce a ce.

Na ji sanyi a raina bayan haka. Na ɗauka na gyara ɓarnata, ashe wata na shuka.

Bayan wata bakwai, wani abokin aikinka da aka dawo da shi jinya ya kawo mana kaset. Rabi ta zo daga gidan mijinta da rakoda, muka zauna mu biyu. Muryarka ta fito cikin ƙarar ruwan sama. Ka gaida kowa da sunansa, har akuyar gidan ba ka bari ba. Ka ce can ruwa ba ya ɗaukewa, shinkafa da ganyen rogo ake ci safe da yamma, kana mafarkin tuwon dawa da miyar kuka. Ba ka ce komai a kan yaƙi ba. A ƙarshe ka ce, "Rabi, ki juya bayan kaset ɗin ki ɗauko min muryar Inna, ko tari ne."

Rabi ta juya kaset ɗin, ta danna, ta miƙo mini rakodar kusa da baki. Na yi maka bayanin damina, da rufin ɗakin girki da ya fara yoyo, da rasuwar ladanin unguwa, da haihuwar akuyar. Na ce a kula da sallah a kan lokacinta. Sannan na tsaya. Maganar tana kan harshena. Kaset yana juyawa, ni ina kallonsa. Rabi ta taɓa gwiwata, tana roƙona da ido. Na daɗe a haka, sannan na yi mata alama ta kashe. Da ta kashe ta ce, "Haba Inna! Kalma nawa ce? Batir kawai muka ƙona."

A haka aka mayar maka da kaset ɗin. Ka san abin da ya hana ni a wannan karon? Fushin ya daɗe da mutuwa, ba shi ba ne. Cewa na yi a raina, albarkar nan na riga na yi bakance da ita, ta ranar dawowa ce, idan na faɗe ta yanzu a cikin kaset, da me zan tarye shi? Can ƙasan wannan kuma akwai abin da ya fi shi muni, wanda sai daga baya na iya dubansa. Ina ji kamar muddin albarkar tana hannuna, tilas a dawo mini da kai ka karɓa. Astagfirullah. Ni da nake koya wa mata cewa ba a yi wa Ubangiji dabara, na ƙulle albarkar ɗana a bakin zane, ina zaton da ita zan jawo ƙaddara ta biyo ni gida.

Ba a cika shekara da kaset ɗin ba, wata safiya mai unguwa ya yi sallama tare da sojoji biyu. Su ma a zaure suka tsaya, ba don sun san dokata ba. Da na ga mai unguwa ya kasa haɗa ido da ni, na san abin da ya kawo su. Suka ce ka rasu a bakin aiki, abokanka Musulmi sun yi maka sutura da sallah, an binne ka a can. Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban yi kuka a gabansu ba, aka sake yaba mini.

Daga baya akwatinka na ƙarfe ya iso. Na sa aka tura shi ƙarƙashin gado, wata biyar ban buɗe shi ba.

Wanda ya sa na buɗe shi wani kofur ne Kirista mai suna Bitrus, mutumin kudancin Kaduna, yayarsa tana koyarwa a wata firamare a nan garin. Ya zo ranar da Rabi da mijinta suke gidan, yana dogara sanduna biyu, ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe an maƙale ta da fil. Da kakinsa ya zo. Ya tsaya a zaure ya ce a gaya wa Mama abokin Liman ne. Na ce wane Liman? Ashe haka suke kiranka a can. Na ce a shigo da shi. Shi ne mutum na biyu da ya taka tsakar gidana da kaki, ni kuma na shimfiɗa masa tabarma da hannuna.

Ya daɗe yana ba mu dariya kafin ya sa mu kuka. Ya ce kai kake tashin su da asuba da ƙarar butarka, har Kiristocin cikinsu suka daina duba agogo. Ya ce sukan tsokane ka su ce, "Liman, yi mana addu'a harsashi ya zama ruwa mana," kai kuma ka ce, "Ni alwala kawai na iya da ruwa, ku dai ku sunkuyar da kai." Ya ce mini, "Mama, saboda ɗanki na daina shan burkutu a gabansa. Na bayansa kam, sai dai Allah Ya yafe." Ya ambaci sunanka ya fi sau ashirin a zaman nan, da irin harshensu, ni ina sauraro kamar mai ƙishi da ke jin ƙarar guga a rijiyar maƙwabta.

Sannan ya faɗi yadda aka yi. Ya ce wata matsattsiyar gada ce a kan wani kogi. Mutanen ƙauyuka suna gudowa suna tsallakawa, mata da goyo, tsofaffi a cikin baro, 'yan tawaye kuma suna tafe a bayansu. Aka ce sai wasu sun tsaya a wancan bakin sun tare hanya har jama'a su gama wucewa. Sajenku bai zaɓi kowa ba, tambaya ya yi. Bitrus ya ce kai ne na biyu da ya ɗaga hannu, shi kuma ya ɗaga nasa don kada a ce Liman ya fi shi. Da wuta ta yi zafi, harsashi ya farfasa masa ƙafa. Ka goya shi, ka ratsa turmutsitsin da shi, ka ajiye shi a wannan bakin, ka ɗaure masa ƙafar da igiyar takalminka. Ya riƙe rigarka ya ce kada ka koma. Ka ce masa, "Da sauran mutane, Bitrus. Sake ni." Ka koma. Jama'ar nan sun gama tsallakowa, kai ba ka tsallako ba.

Na tambaye shi ko mutanen Musulmi ne. Ina jin nauyin tambayar yanzu, amma na yi ta, ba zan ɓoye ba. Ya ce, "Mama, wa ya tsaya tambaya? Ko yarensu ba ma ji."

Ya kuma ce lokacin da kake ɗaure masa ƙafa hannunka yana rawa, har sau biyu igiyar tana kuɓuce maka. Wannan ya fi komai zama a raina. Da an ce mini ba ka ji tsoro ba, da na ce wani ake ba ni labari, domin ni na san yaron da yake tsayawa a bakin kwalbatin Maje idan ruwa ya kawo, sai kakarsa ta riƙe masa hannu. Ashe da tsoron naka ka koma. Mutane suna ce mini shahada ka yi. Ni ba na yanke wa Allah hukunci, fata nake yi, kuma fatan yana da ƙarfi.

Ban canza ra'ayina a kan sojan Gauraka ba. Abin da ya yi wa dattijon nan zalunci ne, zai amsa a gaban Wanda ba a yi wa tsawa. Amma rigar da ya sa ita ka sa, ita Bitrus ya sa. Na yanke wa riga hukunci, na ƙi duban wanda ke cikinta, alhali ni na haife shi. Tambayar da ka aiko Rabi da ita, wadda na kasa amsawa, kai ka amsa ta a bakin gadar nan.

Da Bitrus zai tafi, har ya tattara sandunansa, sai ya ce da sauran abu ɗaya. Ya ce kaset ɗin nan ka saurare shi har ya fara jan murya. Wata rana ya ce maka, "Wace irin uwa ce wannan? Ko sunanka ba ta faɗa ba, sai labarin akuya." Ka yi dariya ka ce, "Ba ka san mu ba. A wurinmu ɗan da ba a faɗin sunansa shi ne ɗan." Sannan ka mayar da kaset ɗin baya zuwa wurin da na yi shiru, ka kara masa a kunne, ka ce, "Ji nan. Nan ne take sa min albarka. A zuci take yi, don Rabi tana wurin." Bitrus ya dube ni ya ce, "Mama, haka ne ko?"

Ɗana, ban amsa masa ba. Na sunkuyar da kai, shi ma ya ɗauka kunya ce, ya yi murmushi ya ce ya gane. Sau uku ke nan ana yaba mini a kan abu ɗaya.

Ka yi mini kyakkyawan zato, ka tafi da shi kabari. Ban sani ba, in gode wa Allah da Ya rufa mini asiri a wurinka, ko in ji tsoron ranar da za a yaye rufin. Dukansu biyun nake yi.

Na je wurin malamin da ya karantar da mahaifinka na tambayi hukuncin bakancen, ban faɗa masa mafarinsa ba. Ya ce, "Sharaɗi kika sa, sharaɗin bai tabbata ba. Babu komai a kanki." Na san fatawarsa daidai take, da wata ce ta tambaye ni haka zan gaya mata. Amma na fito zuciyata ba ta saki ba. Na roƙi a dawo mini da kai, aka dawo mini da akwatinka, da labarinka, da mutumin da ka goya a bayanka. Wa ya ce mini ba wannan ce dawowar da aka rubuta mini ba? Na riga na ɓuya a bayan kunya, ban so in sake ɓuya a bayan fatawa.

Sai na sa rana, na ce za a buɗe akwatin a raba kayanka sadaka kamar yadda aka saba. Na sa aka soya waina. Na gayyaci matan makaranta, da maƙwabtan nan biyu, da dangin Maje, maza kuma suka zauna a zaure, har da Bitrus. Aka buɗe akwatin a tsakar gida. Bargo ne, da buta, da ƙaramin Alƙur'ani da ruwa ya taɓa gefensa, da 'yan riguna, da kaset ɗin a naɗe cikin leda biyu. Na miƙe na tsaya daidai inda ka durƙusa. Kowa ya zuba mini ido, domin ba su saba ganina a tsaye a taro ba. Na buɗe baki. Wallahi na yi niyya, farkon sunan ya zo har bakin haƙorana. Sai na haɗa ido da kakarka, ta tsufa tukuf, da matan da na shekara da shekaru ina gaya musu kunya adon mace ce. Abin da ya fito shi ne, "Yayan Rabi, a yi masa addu'a." Na zauna, aka shafa fatiha.

Na ce wa kaina harshen da ya shekara ashirin da biyar yana kewaye suna ɗaya ba zai san hanyarsa a rana ɗaya ba. Wataƙila haka ne. Wataƙila kuma har a ranar yabon mutane nake tsoron rasawa. Na sha tambayar kaina wanne ne a ciki, amsar da nake samu ba ta yi mini daɗi.

Kaftanin kaɗai na hana a bayar. Yana nan a ƙusarsa, ina wanke shi duk ƙarshen damina in mayar. Gidan ya yi mini girma yanzu. Rabi tana ɗakinta a Gauraka, takan zo ranar Juma'a. Unguwa ta cika da ma'aikatan Abuja, su fita kafin rana ta fito, su dawo bayan ta faɗi, babu wanda ya san an taɓa yin soja a gidan nan. Tuwon mutum ɗaya ma wuyar tuƙawa gare shi, kullum sai ya yi yawa. Idan na dawo daga makaranta da yamma, ni da kaftanin muke haɗuwa a zaure.

Wata Alhamis a daminar bara, ana yayyafi, titi babu kowa, na tsaya a gabansa na kira sunanka. Sau ɗaya. Ya fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Na ce Allah Ya yi maka albarka. Na tsaya ina jira kamar yadda ka jira, babu wanda ya ce amin. Ba haka na yi alkawari ba, yarona. A gaban jama'a na ce.

Bana ɗan wata ɗalibata ya ba da sunansa a soja. Ta zo mini tana kuka, tana so in taya ta hana shi, domin a ganinta babu wanda ya kai ni sanin ɗacin abin. Na ce mata idan lallashi zai tsayar da shi ta lallasa, idan kuwa ya tafi, kada ta bar shi ya fita ƙofa da rabin guzuri. Na ce mata albarka ba kayan Sallah ba ce da ake ajiyewa a adaka sai rana ta zo. Ta dube ni da mamaki, ba ta gane daga ina maganar ta fito ba. Idan an karanta mata wannan takarda za ta gane.

Ga shi na zo ƙarshe, na duba daga sama har ƙasa, sunanka ba ya ciki. Sau biyu ina ɗora alƙalami a inda ya kamata, ina ɗagewa. Albarkar dai zan rubuta ta kowa ya gani. Allah Ya yi maka albarka, ɗana. Allah Ya yi maka albarka a kan gadar nan, da a zauren nan, da a bayan tifa, da a bakin kwalbatin Maje. Na yafe maka abin da ka roƙi in yafe, ko da yake har yau ban gano laifin ba. Kai ma ka yafe mini.

Ya Allah, Ka haskaka kabarin da ban san inda yake ba. Ka karɓi tsayuwarsa a wancan bakin kogi. Ka raya mutanen da suka tsallaka cikin aminci, Ka sauƙaƙa wa Bitrus tafiyarsa. Ka jiƙan duk wanda ya sa kaki da kyakkyawar niyya aka binne shi nesa da uwarsa, Ka ba uwayen haƙuri. Ka gafarta wa baiwarKa da ta riƙe abin da ba nata ba. Idan Ka haɗa mu a gidan da babu kunya babu fushi, Ka sake mini harshena. Amin.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarka, Hauwa'u, wadda ta yi wa Allah alkawari a kanka, kuma har ranar da ta ajiye wannan alƙalami ba ta cika shi ba.